Ciwon da Hoto Bai Gani Ba

A layin masu gyaran waya da masu sayar da katifa akwai wani ɗan tsukukun shago da ba shi da allo, amma duk wanda ya tambayi inda Sai-an-gama take, da baki za a nuna masa shi. Tela ce. Sunan daga bakinta ya fito. A kira ta cin abinci, ta ce sai an gama. A ce hadari ya taso a rufe shago, ta ce sai an gama. An ce ranar da naƙudar autarta ta kama ta, sai da ta kai ƙarshen kalmasar wani siket, ta yanke zare da haƙori, sannan ta ce a nemo mota. Ba ta taɓa musanta labarin ba, ta dai ce an sa masa gishiri: da almakashi ta yanke.

Ƙa'idarta ɗaya ce tun tana koyon aiki: ba a tashi daga kan keke a bar allura a cikin yadi. Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana da keken ɗinki na ƙafa, baƙi, mai zanen furanni da suka goge saboda shafa. Da wannan keke ta ciyar, ta tufatar, ta kai makaranta. Masu kawo ɗinki suna sonta ne don abu ɗaya da ya yi ƙaranci a sana'ar: in ta ce Talata, to Talata ce.

Ba ita kaɗai ba ce a shagon. Akwai ƙanwarta, wadda ake ce wa Ƙarama ko da yake ta ninka yayar a faɗi. Ita ke guga, ita ke sa maɓalli, ita ke naɗa zaren ƙasa a kwarkwaro, ɗan ƙarfen nan da ake sawa a cikin keke. Shekara da shekaru tana kusurwa kusa da dutsen guga tana kallon bayan yayarta. Ta iya ɗinki daidai gwargwado, amma keke ɗaya ne a shagon, mai shi kuma ba ta tashi.

Babban ɗan Sai-an-gama malamin lissafi ne a sakandare. Ita ma Malam take ce masa, rabi alfahari rabi tsokana. Ranar da ya sayi sabon babur, ko ledar kujera bai cire ba, ya zo shago ya dage sai ya kai ta gida. Ta ce ƙafafunta ba su kawo ƙara ba. Ya ce, “Inna, keken nan ne ya haifi babur ɗin nan. Ke za ki fara hawa.” Ta hau. A kwanar gidan mai an sauke yashin gini, ya malalo kan titi. Malam ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Ita ba ta tashi ba. Ƙwaurin ƙafar dama ne ya karye, ƙafar da ke jan ragamar taka keke.

Aka ɗaure ƙafar a asibiti, ta yi jinya kamar kowa, 'yan dubiya suna shiga suna fita. Da lokaci ya yi aka cire filasta, likitan ƙashi ya ɗaga hoto ya ce ƙashi ya haɗe sumul, ta je ta ci gaba da harkarta. Aka yi mata barka, 'yan dubiya suka janye. Ciwon ne kawai ba a gaya wa an sallame shi ba.

Wata rana ya zo kamar an ɗora mata dutsen guga a ƙwauri an manta. Wata rana kamar ana bin fatar da allura. Akwai lokacin da ko gefen zane ya taɓa wurin sai ta cije leɓe. Sannan, ba dalili ba sallama, sai ta wayi gari ƙafar ta yi shiru kamar ba ita ba. A irin wannan rana take faɗa wa aikin da ya taru. Daga buɗe shago har rana ta yi sanyi keke na kuka, ba ci ba sha, sai ta ga bayan tulin nan. Washegari ko tsakar gida sai da dafa bango. Ta kwanta kwanaki, aiki ya sake taruwa, ƙafa ta sake yin shiru, ta sake faɗa masa.

“Wannan ciwo naki ya san kalanda, Yaya,” in ji Ƙarama, tana miƙa mata kofi. “Jiya kin ɗinke kayan makaranta kaf har da 'yar waƙarki. Yau ko ɗankwali ba kya iya ɗaurawa.”

“Ke dai ajiye ruwan.”

“Na ajiye. Mamaki kawai nake, ban taɓa ganin ciwo mai tafiya hutu ba.”

Ba mugunta ce ke cin Ƙarama ba, da za a taɓa yayarta sai inda ƙarfinta ya ƙare. Amma a ranakun kwanciyar nan ne kaɗai take hawa keken, masu shigowa su ce mata “Tela, sannu da aiki.” In ciwon gaskiya ne, daɗin da take ji a kan kujerar nan abin kunya ne. In kuwa akwai ɗan son hutu a ciki, ba laifi. Sai ta zaɓi abin da zai bar ta ta yi barci.

Sai-an-gama ta san ana shakkarta, shi ya sa ranar sauƙi take yin aikin mutum uku, don kowa ya ga ba lalaci ba ne. Ba ta lura cewa da hannunta take ɗinka wa masu shakkar hujja ba: duk wanda ya ga yadda take taka keke ranar Litinin, ba zai yarda da kwanciyar Talata ba.

Malam kuwa tun ranar yashin bai sake tayar da babur ba. Ya jingine shi ya lulluɓe da tsohon labule, ya koma motar haya. Shi ne ya yi ta jan ta daga wannan ɗakin hoto zuwa wancan. In ka tambaye shi sai ya ce yana so a tabbatar ba komai. Gaskiyar ita ce wani abu yake so a gani, ko ɗan tsagu ne da aka tsallake, abin da za a yanka a gyara a ɗinke, ya san ranar da laifinsa zai ƙare. Duk hoton da ya fito lafiya, sai fuskarsa ta ƙara duhu. Ita ma ta taɓa kama kanta a kan bencin asibiti tana roƙon Allah ya sa a ga karaya. Ta yi istigfari, amma ta san abin da zuciyarta ta roƙa.

Wata rana da azahar ya biyo shago ba zato, ya tarar da ita kwance a ƙasa kan tulin ƙyallaye, ta ɗora ƙafar a kan akwatin zare, hawaye na bin kunnenta. Ta yunƙura za ta tashi tana gyara fuska, amma ya riga ya gani.

“Inna, abu biyu ne, babu na uku,” ya ce, da muryar da yake wa ɗalibai magana. “Ko ƙafar nan ba ta warke ba, ki bar keken nan ki dawo gidana, ɗaki yana nan na sa an yi masa fenti. Ko kuma ta warke, to...”

Bai ƙarasa ba. Ƙarama ta ƙarasa masa da ido, tana goge wuyan wata riga da ta riga ta goge.

Ya ce akwai wani sashe a babban asibiti da ba sa duba komai sai ciwon da ya ƙi tafiya, ya karɓo mata rana. Abin da suka ce, shi za a yi.

A kan bencin asibitin ta auna abin ta kowane gefe kamar yadin da bai isa ba. In ta faɗi gaskiyar ciwon, keke ya tafi, ta koma ɗaki mai sabon fenti tana jiran a kawo mata abinci. In ta ɓoye, ta tabbata maƙaryaciya a idon ƙanwarta da ɗanta. Kafin a kira ta ta yanke: gara a ce mata maƙaryaciya tana kan kekenta.

Likitar mace ce mai ɗan furfura, da tabarau rataye a wuya. Abin da Sai-an-gama ta fara gani shi ne maɓallin farar rigarta na biyu, yana lilo da zare ɗaya. Malam ya zube hotuna a tebur. Likita ta tura su gefe.

“Mama, ina ciwon?”

“Da sauƙi.”

“Na karɓi gaisuwa, na gode. Yanzu ina ciwon?”

Ba ta shirya wa wannan ba. Ta nuna ƙwauri. Likita ta duba, ta lanƙwasa, ta shafa fatar da ɗan auduga kawai, ƙafar ta zabura da kanta ta tona asirin mai ita.

“Tun yaushe?”

“Tun da aka cire filasta. Shekara ta zagayo ta same shi.”

“In sifili babu ciwo, goma kuma ciwon da ya fi kowanne da kika taɓa ji, nawa za ki ba shi?”

“Goma na naƙuda ne, ba zan ci haƙƙinta ba.”

“To ba shi daga abin da ya rage.”

Ta dubi ɗanta, ta dubi maɓallin nan mai lilo. “Ranar kirki, biyu. Ranar banza, takwas.”

Malam ya sunkuyar da kai. Malamin lissafi ne, ya san tazarar takwas da goma. Da ya ɗago sai ya ce, “Amma likita, hoto ya ce ta warke.”

“Hoto ya ce ƙashi ya warke, kuma ya yi gaskiya. Ciwo ba ya fita a hoto. Awonsa ɗaya ne, bakin mai shi.” Ta juya ga Sai-an-gama. “Mu a wurinmu, Mama, ciwo iri biyu ne. Akwai na lokacin rauni. Shi ɗan aike ne, ya zo ya ce ga ɓarna a kiyaye, rauni ya warke ya kama gabansa. In kuwa ya haura wata uku yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, sai mu sauya masa suna, mu ce ciwo mai daɗewa.”

“Me ya sa wata uku?” Malam ya tambaya. “Me ke faruwa a ranar?”

“Ba abin da ke tsinkewa a ranar. Iyaka ce aka sa, don zuwa lokacin yawancin raunuka sun gama warkewa, mu ma mu san ya kamata mu daina cewa a jira zai wuce. Wani an san mafarinsa, karaya ko tiyata ko ciwon gaɓoɓi, irin na Mama ke nan. Wani a bincika ko'ina ba a ga dalili ba, ciwon da kansa shi ne cutar. Dukansu gaskiya ne. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ne suka saba da ihu, har auduga ta taɓa su sai su ce wuta.”

Sai-an-gama ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗarta, nan take kuma wani ya hau. An gaskata ta, keke ya tafi ke nan.

“To ta bar ɗinki,” in ji Malam.

“Wa ya ce?” Likita ta sa tabarau. “Mama, me kike tsoron ciwon nan ya raba ki da shi?”

“Keke.” Ya fito kafin ta tare shi.

“To daga nan za mu fara. Ban yi miki alkawarin zai tafi gaba ɗaya ba, ƙila ya ragu sosai, ƙila ku zauna tare. Akwai maganin da ke kwantar da jijiyoyin, akwai motsa ƙafa a sashen gashin ƙashi. Taka keke ba zai sake karya ki ba. In aka ajiye ki a ɗaki kuwa, ƙafa ta yi rauni, ciwo ya rasa abokin hira sai ke. Amma gaya min, ranar da ya yi shiru me kike yi?”

Malam ya yi dariyar da ba daɗi a ciki. “Tambayi sunan da ake kiranta.”

Da likita ta ji sunan da dalilinsa, ba ta yi dariya ba. Ta ce a nan gizo ke saƙa. Ranar sauƙi ita ce tarko. Dole ta riƙa tsayawa tun ciwo bai tsayar da ita ba, tana cikin jin daɗin aikin ta tashi ta taka, ta huta, ta dawo. Aiki kaɗan ranar kirki, kusan irinsa ranar banza, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

“Likita,” in ji Malam, “da cewa kika yi ta ɗauki shagon a ka, da ta ɗauka. Amma ta tsaya?”

A bakin ƙofa Sai-an-gama ta juyo ta ce wa likita, “'Yata, maɓallin nan naki ba zai kai yamma ba.” A waje Malam ya kafa sharaɗinsa: in ya sake tarar da ita a kan ƙyallaye don ta yi wa keke ramuwa, da hannunsa zai ɗauke shi.

A gashin ƙashi suka ce ta sa ƙararrawar waya, in ta kaɗa ta tashi. Ta sa. Ranar sauƙi ta farko ƙararrawa ta kaɗa tana tsakiyar wuyan riga, ta miƙa hannu ta kashe ba ta ko duba ba. Washegari tana ƙasa. Ƙarama ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu. Ita ma ta ji labarin audugar daga bakin Malam, tun ranar kuma ba ta sake zancen kalanda ba.

“In Malam ya zo zan ce kin je sayen zif,” ta ce. “Amma sau ɗaya. Ni ma in aka ɗauke keken nan, me zan goge?”

A kwancen nan Sai-an-gama ta yi wa kanta gaskiya: duk abin da ke da makashi, hannunta zai kashe shi. Abu ɗaya ne ya taɓa tsayar da ita a tsakiyar ɗinki, ba ya jin lallashi ba ya jin tsawa: ƙarewar zaren ƙasa.

“Ƙarama, daga yau rabi za ki riƙa naɗa min zaren ƙasa. Sauran kwarkwaron ki zuba a aljihunki. In nawa ya ƙare, kada ki ba ni wani sai na taka zuwa bakin titi na dawo, ko da zan zage ki.”

“Za ki zage ni kuwa.”

Ta zage ta, ba sau ɗaya ba. Amma da farko abin ya zo da sauƙi, don tana yi masa wayo: sai ta zaɓi ƙananan ayyuka, gyaran wando da kalmasa, waɗanda ke ƙarewa kafin zare. Jarrabawar ta zo ne wata safiya da ƙafar ta tashi garau, irin garau ɗin da ba ta ji ba tun kafin yashi. Mai gidan abincin da ke ƙarshen layi tana zaune a kan benci da jakarta a cinya, tana jiran rigar da za ta sa ta tafi ganin jika, motarsu na lodi. Hannun rigar ɗaya ya rage. Sai-an-gama ta ɗora shi, ta taka, keke na tafiya kamar ruwa. A tsakiyar kafaɗa allura ta ci gaba da huda yadi ba ta barin komai a baya. Zaren ƙasa ya ƙare.

Abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Ƙafar shiru, har kamar tana roƙo. Ƙarama da kanta ta sa hannu a aljihu ta fito da kwarkwaro, ta ce a hankali, “Wannan kam ba za a lissafa ba, Yaya.”

Sai-an-gama ta dubi kwarkwaron. Ta san wannan tafin hannun, bayansa akwai wata riga, bayanta akwai wata, bayansu akwai ƙyallaye a ƙasa. Ta janye ƙafa daga mataki, ta dafa tebur, ta miƙe. Allura na tsaye a cikin yadi.

“Zo ki ƙarasa.”

Ƙarama ba ta motsa ba. Ta hau keken nan sau da yawa, amma ba a taɓa kiranta ta hau ba.

“Ni fa hannunki na zo nema,” in ji mai gidan abinci.

“Hannuna ne. Ni na koya mata, ta ma fi ni haƙuri da kafaɗa.”

Sai da ta juya za ta fita ta ga Malam a bakin ƙofa. Ya ɗauki ɗabi'ar biyowa ba sanarwa kamar mai duba makarantu. Idonsa ba a kanta yake ba, yana kan allurar nan da aka bari a yadi. Shi da ya yi ƙuruciyarsa yana gyangyaɗi a ƙarƙashin teburin nan yana jiran a gama, ya san abin da yake kallo.

Ta dafa kafaɗarsa suka taka zuwa bakin titi.

“Da me ka zo?”

“Motar haya.”

“Jibi ina da gashin ƙashi. Ka zo da babur.”

“Inna...”

“Ka ji abin da likita ta ce. Ƙashin da ya karye ranar nan ya warke tuni. Wannan ciwo ya daina zancen babur ɗinka, zancen kansa yake yi. Kai ne kawai ka rage kana jinyar karaya.” Ta gyara ɗankwali. “Ka kuma dawo min da labulena, ba don ƙarfe na ɗinka shi ba.”

Bai ce zai zo da babur ɗin ba, bai ce ba zai zo ba. Amma bai yi zancen ɗaki mai fenti ba. A bayansu keke ya tashi da wata irin tafiya, ta fi tata gaggawa. Ba ta waiga ba, ta dai ɗaga murya kaɗan: “Ƙarama, ba tsere ake ba.”

Washegari ciwon ya zo abinsa, bai tambayi abin da ta yi jiya ba. Ta zauna a bakin gado ta auna shi, ta ba shi biyar. Ta sha maganinta, ta ɗaura ɗankwali, ta taka zuwa shago a hankali. Ƙarama ta riga ta buɗe, ta share, ta ajiye mata kwarkwaro ɗaya a kan tebur, naɗin rabi.